Me ya sa Ngannou ya bar UFC alhali kambu na hannunsa?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Francis Ngannou ya bar UFC, kamfanin Amurka mai shirya faɗan da ya haɗa dambe da kokawa, yana zakara, kuma ka ce wani mai shirya wasa ya kawo wa ƙanenka takardar kwantiragi a nan Damagaram.

Kuɗi na ciki, amma abin da ya fi ci wa ɗan Kamarun nan tuwo a ƙwarya shi ne ɗauri. Kwantiragin UFC yana hana ɗan wasa yin faɗa a wani wuri, shi kuwa yana son damben Turawa. Ya kuma nemi inshorar lafiya ga ƴan wasa da damar ɗaukar tallan kansu, domin tun 2015, da UFC ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin kayan wasanni na Reebok, aka hana su sanya tambarin masu ɗaukar nauyinsu a wando. Ba a daidaita ba, ya fita a Janairun 2023. Shugaban UFC, Dana White, ya shiga gaban ƴan jarida yana nuna wai gudun manyan abokan karawa Ngannou yake. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin a Oktoban shekarar Ngannou ya kai Tyson Fury, zakaran damben Turawa na duniya a lokacin, ƙasa a Riyad, ko da yake alƙalai sun ba Fury nasara.

Batun ƙanenka, kada ya sa hannu a tsaye bakin fili ana kiɗa. Ku kai takardar gida, idan da Faransanci take a samu lauya ya karanta muku layi-layi. Ku duba shekara nawa ce, wa zai biya asibiti in ya karye, kuma wa ke da ikon hotonsa da bidiyonsa.