Filin Masu Karatu: Me Dokar Sauyin Yanayi Ta Tsinana wa Manomin Daura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne, na ajiye alli na koma gonar gado da ke kan hanyar Daura zuwa Mai'adua. Jikana da ke jami'a ya gaya mini cewa Najeriya tana da dokar sauyin yanayi, kuma ɗan garinmu, marigayi Muhammadu Buhari, shi ya sa mata hannu. Ni dai ban ga abin da ta canza ba, domin bara sai da na yi shuka sau biyu kafin gero ya tsaya, rairayi kuma kullum ƙara cin gefen gonar yake yi. Shin wannan magana ba dabara ce ta Turawa da shugabanninmu don cin kuɗi da yawon taro ba? Ruwan sama ai na Allah ne, ta yaya takarda za ta saukar da shi? Daga wani dattijo a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Rashin yardarka da shugabanni yana da hujja, kuma zan ƙara maka wasu hujjojin a kan waɗanda kake da su. Abin da ba zan bi ka a kai ba shi ne cewa sauyin yanayin kansa ƙirƙira ce, domin shukar da ka yi sau biyu ita ce shaidar farko a kan haka. Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur a masana'antu, iskar kabon da ke sararin sama ta ƙaru da kusan rabi, ita ce kuma ke riƙe zafin rana kamar bargo, har shekarar 2024 ta zama mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A yankinmu abin ya zo da wata siffa da take ruɗar mutane. Ruwan sama ya ɗan farfaɗo bayan farin shekarun 1970 da na 1984, amma ya daina zuwa da tsari: sai a yi ruwan shuka, ya ɗauke mako biyu ko uku har tsiro ya ƙone, sa'an nan ya sauko a dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Mutanen Jibiya ba za su manta da daren watan Yuli na 2018 ba, lokacin da ambaliya ta ci rayuka fiye da arba'in ta rushe ɗaruruwan gidaje. Gaskiya ne ruwa na Allah ne, kamar yadda albarkar gona ta Allah ce, amma hakan bai taɓa hana ka kai taki da rani ba.

Ita dokar, Shugaba Buhari ya rattaba mata hannu a watan Nuwamba na 2021, 'yan kwanaki bayan ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya a Gilasgo cewa nan da 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda ƙasa da itatuwa ke iya shanyewa ba. Ta kafa majalisar kula da sauyin yanayi ta ƙasa wadda shugaban ƙasa da kansa yake shugabanta, ta tanadi asusu na musamman, ta ce a riƙa ƙayyade yawan hayaƙin da ƙasa za ta fitar, kuma ta ɗora wa kamfanonin da ke da ma'aikata hamsin ko fiye nauyin rage nasu. A rubuce babu laifi. Matsalarta ita ce kusan duk abin da ta gina a Abuja ta gina shi, wato majalisa da ofis da shugaban ofis, kuma ko wannan ɗin ma sai a shekarar 2022 aka naɗa shi aka ƙaddamar da majalisar. Mutumin da rairayi ke cinye wa gona a Baure ko Zango ba zai sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa a cikinta ba.

Wanda kuma ya san tarihin irin waɗannan dokoki ba zai yi saurin sakin jiki ba. A 1979 aka yi dokar hana kamfanonin mai ƙona iskar gas a banza, aka sa farkon 1984 a matsayin wa'adi, amma har gobe wutar tana ci a yankin Neja Delta, an ɗage wa'adin sau da yawa, kamfanoni kuma sun gwammace biyan tara da gyara aikinsu. A nan gida, duk wanda ya bi ta Lambar Rimi ya ga dogayen fankokin nan 37 da aka kafa don samar da megawat 10 na lantarki daga iska. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka faro maganar, aka shafe fiye da shekara goma ana jan ƙafa, alhali unguwannin Katsina suna kwana cikin duhu. Sa'an nan a taron sauyin yanayi na Dubai na 2023 sunayen da aka rubuta a tawagar Najeriya sun kai 1,411, gwamnati kuma ta amsa cewa ta ɗauki nauyin 422 daga cikinsu, a daidai lokacin da talaka ke fama da tsadar da janye tallafin mai ya jawo. Idan ka kira wannan yawon taro, Baba, ba ni da bakin musa maka.

Manyan ƙasashe ma ba su fita daga zargi ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, amma ita ke shan wahalar da wasu suka jawo. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020 don tunkarar sauyin yanayi, ba su cika ba sai bayan wa'adin ya wuce, kuma kaso mai yawa na kuɗin bashi ne. Amurka kuwa sau biyu Shugaba Trump yana sa hannu a fitar da ita daga yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi.

Duk da haka ina roƙonka kada ka yanke hukuncin cewa doka ba ta iya komai, domin amsar tana nan kusa da kai, da ka ƙetare Kongolam ka nufi Matamaye da Damagaram. A zamanin Faransa da shekarun da suka biyo baya, itacen da ke cikin gona a Nijar na gwamnati ne, kuma malamin daji yana iya cin manomi tara idan ya sare reshe. Saboda haka manomi ya ɗauki itace abokin gaba, da ya ga tsiro sai ya tumɓuke shi tun kafin ya jawo masa fitina. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka sassauta, daga baya doka ta amince cewa itacen da mutum ya raina a gonarsa nasa ne, sai manoman Maraɗi da Damagaram suka fara abin da suke kira sassaben zamani. Na taɓa tsayawa a gonar wani manomi a can ina kallonsa da adda a hannu. Ya durƙusa gaban wani tsohon kututture da ya tofo rassa sun fi goma, ya zaɓi uku mafi ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya ɗaura tsumma a jikin ɗaya domin makiyayi ya san yana da mai shi. Bai sayi dashe ba, bai ɗauko ruwa a jarka ba, domin saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin kakanninsa. Da wannan aikin aka farfaɗo da fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, kuma da yawansu gawo ne. Kai ka fi ni sanin halin gawo: yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ba ƙasa taki, da rani kuma ya yi inuwa ya zubo wa dabbobi 'ya'ya.

Ka gwada wannan da abin da muka saba gani a wajenmu. Na halarci bikin dashen itace inda manyan baƙi suka zo da motoci a watan Agusta, kowa ya dasa bedi ɗaya aka ɗauki hoto, ba a yi wa dashen keji ba, ba a ɗora wa kowa alhakin ban ruwa ba. Da na koma wurin da hunturu, awaki sun cinye su ƙarƙaf, sai ledojin dashen da iska ke kaɗawa. Katsina tana cikin jihohi 11 da aikin katangar itatuwa ta Afirka, na tare kwararowar hamada, ya shafa, an kafa wa aikin hukuma tun 2015, kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a 2021 don gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Wannan kuɗi bashi ne da jikokinka za su biya, don haka kana da haƙƙin tambayar inda aka kai shi. Lokacin da ɗan majalisarku ko shugaban ƙaramar hukuma ya zo gaisuwa, kada ka tsaya ga tambayar itace nawa aka dasa, ka tambaye shi nawa ne suka kai shekara uku da rai, kuma wa ke da su idan sun girma. Ka tambaye shi nawa jihar ta karɓa daga asusun kula da muhalli, wanda ake cirewa daga kuɗin tarayya tun 1981, da kuma wace zaizayar ƙasa aka toshe da shi. A gonarka kuwa, kada ka bar 'yan ƙwadago su ƙone kututturan gefen da rairayi ke shigowa a sharar bana, ka raine su. Jikan nan naka kuma ya riƙa duba maka hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasa ke fitarwa a farkon kowace shekara, kafin ka zuba iri a ruwan farko.

TAMBAYA: Ina sana'ar waina a cikin birnin Katsina, da ita nake ciyar da marayu huɗu. Da ina amfani da gas, amma da ya yi tsada na koma gawayi da itace. Yanzu kullum a rediyo ana cewa mu ne muke ƙarar da daji, har ana kiran a hana sayar da gawayi. Shin laifina ne, kuma idan an hana da me zan dafa? Daga wata uwa a Katsina.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya marayun nan, ya sa albarka a tandarki. Ba zan ɓoye miki ba, gawayi yana cin daji, kuma itatuwan da masu yin sa suka fi nema, irin su ƙirya da marke, masu jinkirin girma ne, wanda aka sare yau sai an yi shekaru masu yawa kafin a sami madadinsa. Hayaƙin itace kuma yana cutar da ƙirjinki da idanunki, da na yaron da ke goye ko zaune kusa da murhu. Amma ɗora miki laifin zalunci ne. Ba son hayaƙi ya mayar da ke gawayi ba. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, bayan 'yan makonni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma da yake farashin gas ɗin girki yana bin dala, sai tukunyar da kike cikawa ba tare da tunani ba ta gagare ki. Wannan ya faru ne a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin iskar gas a ƙarƙashin ƙasa, wadda a 2021 ta yi shelar cewa shekaru goma masu zuwa na gas ne, wadda kuma, kamar yadda na gaya wa dattijon Daura, har yanzu take barin ana ƙona shi a banza. Shugaban da ya je taron duniya ya yi alkawarin rage hayaƙi, ya dawo gida ya bar gas ya fi ƙarfin mai waina, shi ya kamata a fara tambaya kafin a zo kanki.

Ra'ayina a kan hana gawayi shi ne duk dokar da aka yi kafin a samar da madadi ba za ta ceci itace ko ɗaya ba. Buhun zai ƙara tsada, za a koma shigo da shi da dare, masu tsare hanya su sami sabuwar hanyar karɓar na goro, ke kuma ki rage girman waina ko ki ƙara mata kuɗi. Abin da ya dace ku nema, ke da sauran masu sana'ar abinci, shi ne a sauƙaƙa farashin ƙaramar tukunya da wurin cika ta a unguwa, a kuma tilasta wa manyan dillalan gawayi, waɗanda ke loda tireloli, su raini daji a madadin wanda suke sarewa. Ku kai wannan buƙata a rubuce ga kansila da ɗan majalisar jiha da sunan ƙungiyarku, domin muryar mata hamsin da suka sa hannu a takarda ɗaya ta fi wahalar shashantarwa.

Kafin nan akwai abin da ke hannunki. Murhun duwatsu uku yana watsar da mafi yawan zafinsa a iska, amma murhun laka da aka kewaye, aka bar masa ƙofa ɗaya ta itace, yana rage abin da kike ƙonawa sosai, kuma maginin tukwane zai iya yi miki shi daidai da faɗin tandarki. Ki shanya itace ya bushe sarai kafin ki sa shi a wuta, ki kafa murhun inda iska ke fitar da hayaƙi, kuma ki matsar da tabarmar yaran nesa da shi lokacin da kike suya.