Zan iya zuba man turare mai ƙamshin abarba a zoɓo?

Tambaya: Ina sayar da zoɓo a Kano. Filebon abarba ya yi tsada, sai na ga masu kayan haɗa turare suna da mai mai ƙamshin abarba a kusan rabin kuɗin. An ce mini sinadarin ɗaya ne. In koma masa?

Amsa: Hajiya, kada ki soma. Wanda ya faɗa miki haka rabin gaskiya ya faɗa. Ƙamshin abarba yawanci daga sinadarin etil butiret ake samunsa, na ayaba kuma daga aisoamil asitet. Dangi ɗaya ne da ake kira esta, kuma masu turare da masu alewa duk suna aiki da su. Bambancin yana wajen abin da aka sirka su da shi. Filebon abinci galibi cikin furofilin gilaikol da aka amince a ci ake narka shi. Man turare kuwa don fata da tufafi aka yi shi, akan haɗa masa wani sinadarin sirki da ake kira DEP da sinadaran riƙe ƙamshi, kuma mai auna miki a kwalba ba lallai ya san me ke ciki ba. Ko a dangin estan akwai mai haɗari. Metil salisilet, wannan ƙamshin na man zafi, cokalin shayi ɗaya na tsantsarsa na iya kashe ƙaramin yaro.

Kanawa ba su manta Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwa a asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami.

Yanzu mu yi lissafi, don a nan ne nake ganin arhar ba ta taka kara ta karya ba. A ce kina zuba mililita 1 a kowace lita. Litar filebo ɗaya za ta yi miki gora 2,000 masu rabin lita. Ko da bambancin kuɗin ya kai naira 10,000, naira 5 ke nan a gora. Sukari da gora da ƙanƙara su ke cin jarinki, can ya kamata ki matsa ciniki.

Ki sayi filebo mai lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a rufe daga kamfani. Sannan ki bari zoɓon ya huce kafin ki zuba, domin esta tana bin tururi ta gudu, sai ki ga kina ta ƙari. Ɓawon abarba da kika wanke kika tafasa tare da zoɓon ma zai rage miki yawan filebon.