Ɗana ya kai shekara 6 yana fitsarin kwance, ya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kin yi faɗa, kin yi duka, abin ya ƙi. To ki ajiye bulalar nan tukuna. Ba da gangan yake yi ba, barci ne ke masa nauyi, mafitsara ta cika bai farka ba. Kuma abin kan bi jini, ki tambayi kakarsa, wataƙila babansa ma ya yi. Likitoci ba sa ɗaukarsa matsala kafin shekara 5, kuma yawancin yara da kansu suke dainawa.

Ki ba shi ruwa sosai da rana, ki rage bayan magariba, shayi da lemon kwalba kuwa ban da dare. Ya yi fitsari kafin ya kwanta, ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado. Ki duba ko yana fama da taurin bayan gida, don hanji in ya cika yana danne mafitsara, iyaye da yawa ba sa lura da wannan. Ki kuma hana yayyensa yi masa waƙar amalala, kunya ƙara dagula lamarin take.

Amma ki kai shi asibiti idan ya daina har wata 6 sannan abin ya dawo, ko fitsarin na masa zafi, ko da jini a ciki, musamman in yana wanka a rafi, saboda tsargiya. Yawan ƙishirwa da rama kuwa, a gwada suga. In mai sikila ne, kada ki rage masa ruwa ko kaɗan, ki fara tuntuɓar likitansa.