Ƙurjin haƙori ɗaya zai iya kai cuta cikin jini?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanena ya yi fama da ciwon haƙori kusan sati biyu, sai ciwon ya lafa da kansa muka ce an samu sauƙi. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da rawar sanyi suka kwantar da shi, a asibiti aka ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininsa daga haƙorin. Wai da gaske haƙori ɗaya zai yi wannan ɓarna?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya tashi kafaɗunsa. Da gaske ne, ko da yake ba kasafai ake gani ba.

Lafawar ciwon nan ce ta yaudare ku, kuma ba ku kaɗai ba. Idan kogo ya ci haƙori har ya kai ga jijiyar da ke ciki, jijiyar takan mutu. Matacciyar jijiya ba ta jin zafi, amma ƙwayoyin cutar na nan, sun gangara can ƙarshen saiwar haƙorin suna tara mugunya a cikin ƙashin muƙamuƙi.

Shigar ƙwayoyin cutar baki cikin jini ba baƙon abu ba ne. Ko goge baki aka yi dasashi ya yi jini, kaɗan sukan shiga, garkuwar jiki ta share su cikin mintoci. Bambancin ƙurji shi ne ba ya daina zubowa. Kullum yana tura sababbi, har su samu wurin zama.

Wurin da suka fi so shi ne ƙofofin zuciya, wato masu buɗewa da rufewa don jini ya bi hanya ɗaya, musamman ga wanda aka sa wa ƙofar roba ko ta ƙarfe, ko wanda tasa ta lalace tun yarinta. Dangin ƙwayoyin cutar da ake kira Streptococcus anginosus kuwa sun shahara da tara mugunya a hanta da ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna Fusobacterium, mai haddasa gudan jini a babbar jijiyar wuya, gudan ya riƙa ɓantarewa yana faɗawa huhu. Wani Bafaranshe, André Lemierre, ya bayyana wannan a 1936 kan marasa lafiya 20, kuma 18 daga cikinsu suka rasu, don lokacin babu antibayotik. Yawanci daga maƙogwaro wannan cutar take farawa, amma haƙori ma yana kawo ta.

Mai ciwon suga da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sun fi shiga haɗari. Idan mai ciwon haƙori ya fara zazzaɓi da karkarwa, ko kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, bakin ya ƙi buɗuwa sosai, yawu ya gagari haɗiya, ko numfashi ya yi wuya, ko magana ta rikice, to ba a jiran gari ya waye.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sayen antibayotik su sha kwana uku su ajiye. Magani ba ya isa cikin mataccen haƙori, domin jini ba ya kaiwa wurin. Sai an fitar da mugunyar, sannan a cire haƙorin ko a wanke saiwarsa a cike.

Don haka ki tambayi likitocinsa abu biyu: an taɓa haƙorin kuwa, kuma an yi masa hoton zuciya? Idan cutar ta kama ƙofar zuciya, maganin ta jijiya ake ba da shi, sati 4 zuwa 6, ko da zazzaɓin ya sauka tun makon farko.