Kafin ku sake kiran gayya, ku san inda lakar za ta

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce unguwarku a nan Yamai ta cika da shara, magudanan ruwa sun toshe, kowace damina ruwa yana shiga gidaje, kuma da kuka kira gayya mutane sun fito rana ɗaya ba su sake fitowa ba, shi ya sa kake tambayar ta inda za ku sake kamawa. Na daɗe a cikin kwamitin tsaftar unguwarmu, kuma abin da na gani shi ne mutane ba su gudun aiki, abin da suke gudu shi ne aikin da zai lalace a gaban idonsu kafin mako ya zagayo.

Ya kamata ku fara rarrabe irin ruwan da ke damunku, domin ambaliyar Yamai iri biyu ce. Akwai ta kogin Isa, wato kogin Neja, wadda ke zuwa a watannin Agusta da Satumba idan rafukan Sirba da Dargol da Goruwal sun kwararo daga wajen Burkina Faso, kamar yadda aka gani a 2012, da kuma 2020 lokacin da ruwan ya kai wajen mita 7 ya mamaye unguwannin Lamorde da Karaje da Kirkisoye da Saga. Wannan ta fi ƙarfin kwamitin unguwa, aikin madatsa ne, kuma na gwamnati ne. Ta biyu ita ce ta ruwan sama da ya rasa hanya saboda yashi da leda sun cike magudana, ko saboda an yi gini a kan hanyar da yake bi tun asali. Garin da bai wuce mutum dubu 30 da ƴan kai ba a 1960, ƙidayar 2012 ta same shi da fiye da miliyan ɗaya, magudanan kuwa ba su bi jama'a a wannan gudu ba. Wannan ta biyun ce kuke da iko a kanta.

Abin da ke kashe gayya, a iya sanina, shi ne lakar da aka haƙo. Matasa za su shiga kwata tun da asuba, su fito da baƙar laka gauraye da ledar ruwan sha da tsumma da fasassun kwalabe, su tara ta tsibi-tsibi a bakin magudanar, a ɗauki hoto a sa a WhatsApp, kowa ya tafi gida yana jin an yi aiki. Kwana uku tana nan tana wari a ƙofar mai shago, awaki suna tonawa, masu babura suna takawa, sai hadari ya taso ruwan farko ya mayar da ita inda aka ciro ta. Wanda ya ɓata safiyarsa ya ga haka, ko da wa ka haɗa shi ba zai sake fitowa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Saboda haka ba mu sa ranar gayya sai mun riga mun san motar da za ta kwashe, ko masu amalanken jakin da muka yi ciniki da su, da kuma jujin da hukuma ta yarda a zuba. Idan motar ta ce Asabar, gayya Asabar ce. Idan ba a samu mota ba, a ɗaga ranar. Lokacin aikin kuma shi ne watan Mayu, kafin ruwan Yuni ya sauka, duk da zafin da ake sha, domin a lokacin lakar ta bushe, ta fi sauƙin ɗauka.

Samun motar yana bi ta hannun mai unguwa. Yamai tana da gundumomi biyar, kuma tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 babu zaɓaɓɓen kansila da za ku riƙe, saura mai unguwa da ofishin gundumarku. Ku rubuta takarda gajera, ku faɗi layin da za ku yashe da ranar da kuke so, mai unguwa ya sa hannu, ku kai kwafi biyu a buga muku hatimi a ɗaya ku dawo da shi. Sau da yawa za a ce akwai mota amma babu mai; idan asusunku zai iya sayen man, ku saya, ya fi muku arha a kan gyaran katangar da ta faɗi.

Batun kuɗi shi ne wurin da na fi son ka natsu. Mu dala 50, wato sefa 250, muke karɓa a kowane gida duk wata, masu shago da masu gidan haya suna ba da abin da ya ɗara haka, gidan da ba shi da hali kuma ya turo mutum ranar aiki. Wanda ke karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai ajiya daban, kuma ajiyar tana hannun wata dattijuwa da ta shekara da shekaru tana riƙe adashen matan layin ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ranar Juma'ar ƙarshen wata, bayan la'asar, ana shimfiɗa tabarma a ƙofar mai unguwa a karanta littafin da babbar murya: abin da ya shigo, kuɗin shebur da manjagara, ladan masu amalanke, har kuɗin ƙanƙarar da aka saya wa masu aiki. Wasu suna ganin karanta kuɗin ƙanƙara ƙaranta ce, ni kuwa na lura daga ranar da aka fara haka ne masu cewa ana cin kuɗin suka yi shiru, masu bayarwa suka ƙaru.

Kada ku kafa kwamiti na maza zalla. Mata ne suka san gidan da ke zubar da ruwan wanki a titi da wanda ke aiken yara su juye shara cikin kwata da daddare, kuma maganar da za ta zama rigima idan saurayi ya faɗa wa maigida, uwa za ta faɗa wa uwa a wajen suna ta wuce lafiya. Tara jama'a da riƙon amanar kuɗi ba baƙon abu ba ne a wurinsu, tsarin asusun ajiya da rance na Mata Masu Dubara da ya fara a jihar Maradi a 1991 ya isa shaida.

Matasan fada kuwa, wato majalisar shan shayi ta samarin unguwa, su ne ƙarfin aikin, amma kada ku zo musu da wa'azin zaman banza. Mu da muka ga samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati, a zamanin Shugaba Seyni Kunce mun san ta gina azuzuwa ta dasa itatuwa, sai dai umarni ne daga sama yake tafiyar da ita, shi ya sa da mulkin ya wuce ta bi shi. Fada ba wanda ya kafa ta sai su kansu, kuma a nan ƙarfinta yake. Mun ba kowace fada yankin magudanar da ke gaban inda take shan shayi, daga wannan kwana zuwa waccan, aka sanar a gaban jama'a, sai abin ya zama gasa tsakaninsu. Ku kuma nisanta kwamitin daga tutar kowace jam'iyya ko ƙungiyar addini. Mai son taimakawa ya kawo kayan aiki a rubuta a littafi kamar na kowa.

Game da leda, akwai dokar 2014 da ta hana shigo da ita da sayar da ita, amma duk wanda ya shiga kasuwar Katako ya san inda maganar ta tsaya, don haka kada ku jira ta. Rabin ganga a bakin kowane shago, da yarjejeniya da mai amalanke ya riƙa zuwa sau biyu a mako, sun rage mana abin da ke faɗawa kwata ƙwarai.

Shawarata ita ce bana ku ɗauki layi ɗaya tak, wanda ya fi kowane cika, ku faro daga ƙasa inda ruwan ke fita ku hauro sama, domin idan kuka buɗe sama ƙasa tana toshe, maƙwabtanku na gangare kuka tura wa ruwan. Ka je wurin mai unguwarku a wannan makon tare da dattijo ɗaya da mace ɗaya, ku bi layin da ƙafa ku ga inda ruwan ke tsayawa. Allah ya ba ku sa'a.