Sitol na kwambata: shin ƙara shi zai sa motata ta ƙara ƙarfi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Maradi, ina da Toyota Camry mai silinda 6, otomatik, wadda na sawo daga Kwatano. Ina ganin bidiyon masu tseren mota a Amurka suna cewa sun sa kwambata mai sitol 3,500, mota na tashi kamar an harba ta. Mene ne wannan sitol, kuma in na sa irinta, tawa ma za ta ƙara ƙarfi?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Ba za ta ƙara wa injinka ƙarfin doki ko ɗaya ba. Abin da take canzawa shi ne juyin da inji ke kaiwa kafin ya ɗauki nauyin mota.

A motar otomatik, kwambata ce ke zaune tsakanin inji da akwatin giya, inda kuloci yake a motar giyar hannu. Gwangwani ne a rufe, cike da man giya, da abubuwa uku masu fukafukai a ciki. Na farko famfo ne, yana juyawa tare da inji, yana watsa mai. Na biyu mai karɓa ne, yana haɗe da sandar akwatin giya, mai ne ke bugunsa ya juya. Ka kunna fanka ka ajiye wata a gabanta a kashe, za ka ga ta biyun ta fara juyi. Haka abin yake, sai dai nan mai ne maimakon iska. Na uku, sitato, ƙarami ne a tsakiyarsu, kuma gefe ɗaya kawai yake iya juyawa. Shi ke karkato man da ya dawo ya sake taimakon famfo, shi ya sa a lokacin tashi kwambata ke ninka ƙarfin murɗa na inji wajen sau biyu. Bajamushe Hermann Föttinger ne ya yi rajistar dabarar a 1905 domin jiragen ruwa, Buick kuma ta sa ta a mota a 1948.

To, ka sa giya a D, ka danne birki, ka taka totur har ƙasa. Tayoyi ba sa motsi, mai karɓa a tsaye yake, amma inji na ta hawa yana gurza mai, har allurar agogon juyi ta kai wani wuri ta kafe. Wannan wurin shi ne sitol. A yawancin motocin fetur na gida yana tsakanin juyi 1,800 zuwa 2,500 a minti.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, lambar da aka rubuta a kwali ba tabbatacciya ba ce. Kwambata ɗaya, ka ɗaura ta a inji mai ƙarfi, sitol ɗinta ya hau. Ka mai da ta kan rarrauna, ya sauka. Lissafin ma sananne ne: sai ƙarfin murɗa ya ninka sau huɗu kafin sitol ya ninka sau biyu, wato ƙarin kashi 21 cikin ɗari na ƙarfi yana ba da ƙarin kashi 10 na sitol. Faɗin kwambata da kwanciyar fukafukanta su ne sauran abubuwan da ke canza sitol. Ƙarama ta fi babba sitol.

Su masu tsere dole ce ta sa su. Sun canza kamshaf, sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, ko sun ɗaura babban turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, injinsu ba shi da kuzari a ƙasa, sai ya haura juyi 3,500 ko 4,000 yake farkawa. Kwambatar kamfani za ta riƙe shi a 2,000, ya tashi da kasala. Mai sitol sama tana sake masa linzami ya kai inda ƙarfinsa yake kafin nauyi ya hau kansa. Kuma tserensu mita 402 ne, an gama. Injinka kuwa tun daga ƙasa yake ja, kuma injiniyoyin da suka ƙera shi sun riga sun zaɓa masa kwambatar da ta dace da shi.

Ga kuma abin da ya fi damuna, zafi. Duk juyin da inji ya yi bai kai ga taya ba, zafi yake zama a cikin man giya. A kan hanyar Tasawa ko ta Birnin Ƙonni ba za ka ji bambanci sosai ba, domin da mota ta miƙe akwai faifan da ke kulle famfo da mai karɓa su zama abu ɗaya. Amma a cunkoson bakin babbar kasuwa, ko a lungunan da rairayi ke riƙe taya, cikin Afirilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, kwambata mai sitol 3,500 zamewa za ta yi ta yi. Fetur ya tafi, mai ya dahu. In motarka na da sandar awon man giya, zaro ta ka goga a farin tsumma: mai lafiya ja ne garau, wanda ya ƙone kuwa ya koma ƙasa-ƙasa, yana ƙauri. Da ya kai haka, faifan cikin akwatin giya sun fara cinyewa. Kuɗin nan gara ka sa su a ƙaramin lagireto na sanyaya man giya, da ainihin man da littafin motarka ya ambata, kamar T-IV ko WS, ba na buɗaɗɗiyar jarka ba.

Awon sitol yana da amfani wajen gano ciwo, amma makanike ya yi shi, a fili. A bar mai ya ɗumama zuwa digiri 50 zuwa 80, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi, kada kowa ya tsaya gaba ko baya. Kada a wuce daƙiƙa 5 ana danne totur, sannan a mai da giya N inji ya yi minti ɗaya yana aiki a hankali. In allura ta tsaya ƙasa kaɗan da lambar littafi, inji ne ya raunana. In ta faɗi ƙasa sosai, sitato ne ya saki yana juyawa baya. In ta zarce lambar, mai ya yi ƙasa ko faifan giya na zamewa. Wasu sababbin motoci kwamfutarsu na rage ƙarfin inji da zarar an haɗa birki da totur, to irin waɗannan sai dai a jona musu na'urar bincike.