Fatawa: Tafiya Dajin Tsibirin Yakushima

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Kagoshima na ƙasar Japan. Muna shirin kwana biyu a tsibirin Yakushima, mu zaga shi a mota, sannan mu taka da ƙafa zuwa tsohuwar bishiyar Jomon Sugi. Ya halatta? Yaya zan yi da salla?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tafiyar halal ce, ɗana. Allah ya ce a Suratul Ankabut, aya ta 20, a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fari halitta, kuma dajin da itatuwansa suka haura shekara 1,000 wurin lura ne.

Daga Kagoshima zuwa tsibirin ya fi kilomita 100, ya wuce mil 48 da Malikiyya suka gindaya, kuma ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Sai ka yi ƙasaru. Haɗa salloli kuwa rangwame ne na tafiyar tudu a mazhabarmu, ban da cikin jirgin ruwa. Hanyar Arakawa, wadda ake bi zuwa Jomon Sugi, kusan kilomita 22 ce zuwa da dawowa, tana cin awa 10, yawancinta a kan tsohon layin dogo, saboda haka kana iya haɗa Azahar da La'asar. Asuba ba a haɗa ta da komai. Motocin da ke kai mutane bakin hanyar suna tashi da duhu, ka sallace ta a bakin hanya kafin ka shiga daji. Taimama babu ita inda ƙoramu ke gudana ko'ina, sai in sanyi zai cutar da kai. Taɓon ruwan sama a wando an yafe shi. Idan hazo ya rufe rana, ka yi ƙoƙarinka wajen gano alƙibla, ya wadatar.

Abin da ya fi damuna shi ne kututturen Wilson da ke kan hanyar. Cikinsa kogo ne kamar ɗaki, akwai ɗan wurin bautar Shinto, addinin gargajiya na Japan, a ciki. Shiga ka ɗaga kai ka kalli sama ba laifi. Amma kada ka rusuna, kada ka tafa hannu, kada ka ajiye ko yen ɗaya, ko da abokanka sun ce al'ada ce kawai. Lokacin da wasu sahabbai sababbin shiga Musulunci suka roƙi Annabi (SAW) ya ware musu bishiyar neman albarka irin Zatu Anwaɗ ta mushrikai, ya tsawatar musu, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Haka hukuncin yake a gaban Jomon Sugi. Masu yin waɗannan al'adu kuma kada ka yi musu ba'a, ka ja gefe har su gama.

Allah ne mafi sani.